Ƙwaryar Aji Ɗaya

Shagamu
2 ga Oktoba, 1984

Zuwa ga ƙanwata Malama Kaltume,
Makarantar Firamare ta Tsamiyar Badaru, ta hanyar Zakirai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Ni ma ina nan ƙalau, sai kewar gida. Ki yi haƙuri da rubutuna, na ajin yaƙi da jahilci ne, kada ki sa mini jan biro.

Na san zumuncinmu ya yi nisa. Kakarki da kakata ne suka sha nono ɗaya, kuma rabona da gidanku tun sunan ɗanki na fari. Amma yau ba ni da wanda zan kai wa kukana sai ke.

Kin ga yadda daminar bana ta yi da mu. Gonar da nake ɗaure dami arba'in, dami uku na ɗauka. Shi ya sa na biyo motar goro na zo nan ina dako a kasuwa. Na bar 'yata Safara'u wurin Inna, mahaifiyata, ga shi idonta ya yi rauni sosai. Na bar musu 'yar dawa da garin rogo, maƙwabciya ce ke dafa musu. Gero kam babu, sai irin shuka da na killace, na ce ko me za a yi kada a taɓa shi.

An ce ajinki aka sa Safara'u. Ranar ɗaukar yara da ƙyar hannunta ya tsallaka kai ya taɓo kunne, sai da ta karkata wuya. Tun rasuwar mahaifiyarta, shekara biyu ke nan, ba ta wasa da kowa, magana ma sai an matsa mata. Ba na roƙon ki mayar da ita ta ɗaya a aji. Abin da nake roƙo shi ne ta sami 'yan uwa a cikin yaran nan, kada ta tashi ita kaɗai.

Ki ba Ja'afaru direba amsa, yana tsayawa Zakirai ran kasuwa.

Yayanki,
Mika'ilu

Tsamiyar Badaru
20 ga Oktoba, 1984

Yaya Mika'ilu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Inna ma na je na duba ta, tana gaishe ka. To, ashe ka san hanyar rubuta wasiƙa? Sai da buƙata ta taso aka tono mana kakanni! Na yafe, amma ka zo da goro fari.

Bari in gaya maka abin da na tarar. Yara talatin da huɗu aka zuba mini, kuma wallahi a makon farko ban ga aji ba, unguwanni na gani. 'Yan unguwar maƙera a kusurwa ɗaya, 'yan cikin gari a gaba, 'ya'yan baƙin nan da fari ya koro daga arewa a bakin ƙofa, kamar masu jiran a ce su fita. Taka 'yar tana can jikin bango ita kaɗai, ta sa yatsa a baki. Da an kaɗa ƙararrawar tara, masu ɗan abin ci su juya baya su ci da sauri, marasa shi su zagaya bayan aji su zauna. Ranar da na leƙa na ga yara goma sha ɗaya a jere suna tsotsar ƙwallon tsamiya, ban iya cin abincin rana ba.

Sai na ɗauko babbar ƙwaryata ta aure, na rufe ta da tsohon zane. Ga dokarmu. Kowace safiya yaro zai zo ya cusa hannu ƙarƙashin zanen. Mai ɗan hatsi ya zuba, wanda ba shi da komai ya sa hannu kawai ya fitar. Ba mai leƙe, ba mai tambaya. In an gama sai in yaye zanen in ce, "Wa ya kawo wannan?" Su kuma su amsa da ƙarfi, "Mu ne!" Da yamma in surfa in niƙa, gobe da tara a sha kunu, biyu-biyu a kwano ɗaya, kuma ni nake haɗa su, ba ruwana da unguwa. Hedimasta, Malam Dallatu, ya ce aikin banza nake ɗora wa kaina. Na ce ai kaina ne.

Yanzu ga albishirinka. Na haɗa Safara'u da Rukayya, 'yar maƙera, yarinyar da bakinta ba ya hutawa ko tana barci. Kwana huɗu Rukayya tana zuba, taka tana kallonta. Ran na biyar suka yi rigima a kan ludayi, sai na ji wata 'yar murya ta ce, "Ai ke kin sha biyu!" Na waiwaya, Safara'u ce. Yanzu tare suke zuwa, tare suke tafiya, jiya har dariyarta na ji.

Doka ta hana in faɗi, amma kai uba ne. 'Yarka ba ta zuwa hannu wofi. Na ga ƙullin a bakin zanenta, gero ne mai kyau, a jiƙe kamar an wanke. Inna tana ƙoƙari ƙwarai. Har lalle ta fara sa mata, amma don Allah ka ce a riƙa sawa hannu biyu, kullum na dama ne kaɗai ja, shi ma bai kama da kyau ba.

Ka kwantar da hankalinka.

Ƙanwarka,
Kaltume

Shagamu
10 ga Nuwamba, 1984

Kaltume,

Salam. Ki ajiye duk abin da kike yi. KADA KI SAKE BA YARA KUNUN NAN.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau takardarki ta iso, motar Ja'afaru ta lalace a Jebba, mako uku tana aljihunsa. Ina karantawa ina murna, har na nuna wa abokan aikina wurin da ta ce ke kin sha biyu. Sai na kai ƙarshe, wurin maganar gero da lalle.

Kaltume, Inna ba ta ganin tafin hannunta, yaya za ta sa wa yarinya lalle? Kuma na gaya miki babu gero a gidan. Gero ɗaya ne, irin shuka, yana cikin tukunya a ƙarƙashin gadon Inna. Kafin in taho na cakuɗa shi da jan maganin nan na malamin gona don kada ƙwari su ci. Guba ce! Malamin ya ce ko kaza kada a ba. Jan da kike gani a hannunta shi ne. Wankewa take yi a hanya don kada ku gane, shi ya sa kike ganinsa a jiƙe.

Inna kaɗai na gaya wa. Ban gaya wa Safara'u ba, na ɗauka yarinya ce, ina ruwanta da tukunya.

Da yau zan hau mota, amma akwai abin da na ɓoye. Kwana tara ke nan huhun goro ya faɗo mini a ƙafa, ƙashi ya karye, mai ɗori ya ce in na motsa ta lalace ke nan. Ina kwance a rumfa kamar buhu. Wannan takarda wani direba zai kai Kano, ya yi rantsuwa zai ba motar Zakirai.

Ki je gidan yanzu. Ki ɗauke tukunyar. Kada ki dake ta, kada ki bari kowa ya sani, in garin nan suka ji ta gama zama da mutane. Ki rubuto mini ko layi ɗaya ne.

Mika'ilu

Tsamiyar Badaru
11 ga Nuwamba, 1984

Yaya Mika'ilu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Shiru ban ji amsar takardata ba, ko ba ta iso ba ne? Inna lafiyarta ƙalau. Safara'u ma tana raye, na fara da wannan don kada ka ji a bakin wani hankalinka ya tashi.

Yaya, masifa ta faɗa mana ran Alhamis. Har yanzu in na rufe ido ina ganin abin. An sha kunu, an koma aji, muna cikin a-ba-ca-da sai Khalilu, ɗan Malam Kassimu na cikin gari, ya ce kansa yana juyawa. Kafin in kai wurinsa ya faɗi, jikinsa yana karkarwa, kumfa a baki. Ina ɗaga shi sai wata ta fara amai a bayana, sai wani, sai wani. Yara tara! Na fito ina ihu ba ɗankwali, ni da nake hana yara gudu a fili.

A amalanken shanu aka kwashe su zuwa asibitin Zakirai. Takwas sun dawo jiya, har da Safara'u da Rukayya, jiki ba ƙwari amma suna cin abinci. Khalilu an wuce da shi Kano, ba mu san halin da yake ciki ba. Malamin asibiti ya ce wani abu suka ci mai dafi.

Ni kuwa me na ba su? Hatsi ne, Yaya, hatsin iyayensu. Abu ɗaya na sani na canja. Rijiyarmu ta ja baya, hatsin kuma ya yi kaɗan a makon nan, sai na niƙa shi da dusarsa don ya yi auki, ɗauraya ɗaya na yi masa. Ruwan ya yi ja, amma kullum yana yi, na ɗauka jar dawa ce da ke ciki.

Malam Dallatu ya kulle ƙwaryar a ofis. Iyaye sun janye yara, ran Juma'a bakwai suka zo. Gari ya ɗauki magana, wai baƙin arewa ne suka zuba wani abu, har an jefi bukkokinsu da duwatsu. Mutanen da ko abin zubawa ba su da shi! Malam Kassimu kuma ya rantse, in ya dawo daga Kano sai ya san ɗan gidan uban da ya kawo abin, kuma yaron ba zai sake zama da ɗan kowa ba a garin nan.

Abin da ya fi damuna, Safara'u ta koma shiru. Ko Rukayya ba ta yi wa magana. Na ɗauka tsoro ne. Ka yi mana addu'a.

Kaltume

Shagamu
24 ga Nuwamba, 1984

Kaltume,

Salam. Na sami takardarki ta sha ɗaya ga wata. Ashe sun yi saɓani da tawa a hanya. Ashe ranar da nake rubuta miki kada ki ba su, sun riga sun sha.

Alhamdu lillahi da tana raye. Na karanta layin nan ya fi sau ashirin. Amma ɗan Kassimu fa? Ni da Kassimu tare aka yi mana kaciya. In yaron nan ya mutu, hannuna ne ya zuba maganin, ba nata ba.

Ban san me zan ce ki yi ba. Da na ce ki ɓoye. Yanzu na ji ana jifan bayin Allah a kan abin da ya fito daga ƙarƙashin gadon uwata, abinci ya ƙi shiga bakina. In dole a faɗi suna, ki faɗi nawa. Ki ce Mika'ilu ne ya aiko da geron. In kuma ya riga ya fito cewa ita ce, ki sa Ja'afaru ya taho mini da ita nan, ta zauna a rumfa tare da ni. Gara haka da a riƙa nuna ta da baki har ta girma.

Ni na roƙe ki ki sama mata 'yan uwa. Ban san abin da na roƙa zai kai nan ba.

Mika'ilu

Tsamiyar Badaru
3 ga Disamba, 1984

Yaya Mika'ilu,

Wa'alaikumus salam. Duka takardunka biyu suna hannuna. Yaya ƙafar? Allah ya ba ka lafiya, amma ɓoyewar da ka yi za mu yi maganarta in ka dawo. Khalilu yana raye, ya dawo gida. Ka sha ruwa, ka gyara zama, labarin da tsawo.

Ta farkon ta same ni a bakin turmi. Ina gama karantawa na zauna a ƙasa daɓas. Lalle! Ni da bakina na ce lalle ne, har ina yi maka tsiya da shi. Wata guda ina kallon guba a hannun yarinya ina murmushi.

Na tafi gidanku a guje. Na jawo tukunyar, yumɓun bakinta a fashe ta gefe, daidai shigar ƙaramin hannu. Geron ya ragu da kusan rabi. Inna ta shafa ta ji, sai ta ɗora hannu a ka. Safara'u tana tsaye a bakin ƙofa. Ban daka ta ba, na jawo ta jikina na ce, "Safara'u, ba na ce wanda ba shi da komai ya sa hannu kawai ba? Ai ba mai gani."

Ka san me ta ce mini? Ta ce, "Malama, ba a gani, amma ana ji."

Yaya, ana ji! In yaro ya zuba hatsi a ƙwarya sai ya yi shaaa. In hannu wofi ne, shiru. Ni ina tsaye ina taƙama da zanena, ashe yara talatin da huɗu sun kasa kunne, kowa ya san na kowa. Kwana biyun farko nata shiru ne, wani yaro ya yi dariya. Ran na uku ta fasa tukunya. Na rufe idanunsu na manta da kunnuwansu. Laifin nan nawa ne, kuma haka na faɗa.

A ranar na je wurin Malam Dallatu da mai unguwa. Na ce irin shuka ne mai magani, yaro ne ya ɗebo a gida cikin rashin sani, ba baƙi ba ne, don su ko gona ba su da ita. Suka ce wane yaro? Na ce dokar ƙwarya ni na kafa ta, in kora ce a kore ni. Mai unguwa ya aika a yi shela a bar baƙi su sarara. Yara suka fara dawowa ɗaya-ɗaya.

Ran Litinin da ta wuce sai ga Malam Kassimu har cikin aji, ko sallama babu, yana riƙe da hannun Khalilu. Yaron ya rame, wuya kamar sillen kara. Malam Dallatu yana biye da shi yana ba shi haƙuri, da ƙwaryar a hannu, don Kassimu ya ce a fito da ita. Ya karɓa ya dangwarar a kan teburina. Sauran hatsin ranar Alhamis ɗin nan yana ciki, a rufe. Ya ce, "Malama, ke kin ƙi faɗa. Su yara ba sa ƙarya."

Na dubi Safara'u, na ga ta dafa benci za ta miƙe. Kassimu ya fizge zanen, ya daka tsawa, "Wa ya kawo wannan?"

Yaya Mika'ilu, ban koya musu komai ba a ranar, Allah shi ne shaida. Mako biyar suna jin tambayar nan kowace safiya in an yaye zane, amsa ɗaya suka sani. Ajin gaba ɗaya ya ɗauka, "Mu ne!"

Bakin Safara'u na gani yana cewa ni ce, amma ba wanda ya ji sai Rukayya, ita kuwa ta jawo ta da zane ta zaunar, ta ƙara ɗaga murya. Kassimu ya sake tambaya, ya fi na farko tsawa. Suka sake amsawa, har da 'ya'yan baƙi na bakin ƙofa. Sai ya ji amsar tana fitowa daga gefen ƙafarsa. Ya sunkuya, Khalilu ne, da 'yar muryarsa da ba ta gama dawowa ba, yana cewa mu ne. Mutumin nan ya dube shi. Ya saki hannun yaron, ya fita.

Na ɗauka shi ke nan. Washegari da sassafe ina shara sai ga Kassimu a ƙofar gidana. Ya ƙi zama. Ya ce da ya koma gida abin ya tsaya masa a rai, sai ya shiga ya duba nasa irin, wanda ya adana da toka. Saura kaɗan a gindin tukunya. Khalilu ma ɗiba yake yi tun makon farko, don su ma kwanon gidan ba ya cika, shi dai Kassimu bai bari gari ya sani ba. Kafin azahar magana ta zaga, kowa ya shiga ɗaki ya duba. Gida bakwai, Yaya! Gida bakwai yara suna kwashe irin shuka da tafin hannu don kada a ji shirunsu. Bambancin kawai, naka ne mai magani. Kassimu ya ce mini, "Da ni na sami jan maganin nan, da ɗana ne ya kawo gubar." Ya ce kada in gaya masa sunan kowa, ba ya so ya sani.

Ba zan ce maka komai ya gyaru ba. Irin da aka sha an sha, ban san da me gida bakwai za su yi shuka ba in Allah ya kawo ruwa. Hannun Khalilu yana ɗan rawa in ya riƙe alli, malamin asibiti ya ce sai a hankali. Ni ma an rubuta mini takardar gargaɗi. Sauran geronka yana ɗakina, a sama, inda hannu ba ya kaiwa.

Iyaye da kansu suka ce a dawo da ƙwarya, da sharaɗin uwa ce za ta ƙulla wa yaro abin da zai kawo, ni kuma in duba in wanke sau uku. Na ƙara doka ɗaya. Yanzu duk wanda ya cusa hannu ƙarƙashin zane, ajin gaba ɗaya tafi suke yi masa, raf-raf-raf, har sai ya fitar. Malam Dallatu ya ce mun hana 'yan aji shida karatu. Na ce su yi haƙuri.

Saboda haka ba zan ba Ja'afaru 'yarka ba, kada ka sake kawo maganar. Yau da safe na tsaya kusa da ƙwarya lokacin da layi ya zo kanta. Babu ƙulli a zanenta, ni na sani. Ta cusa hannu, suka yi ta tafi, ta fitar, ta koma wurin Rukayya tana tsalle. Ni da nake tsaye a kanta ban ji komai ba.

Ka kula da ƙafar. Goro fari, ban manta ba.

Ƙanwarka,
Kaltume